Gyaran Wurin Zama da Ma'ajiya a Kwale-kwale

'Yan uwana mata, musamman ku na bakin Kwara da kuke shiga jirgin ruwa duk ranar kasuwa, yau maganata da ku ce. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da aikin kafinta. To, ruwanta ne ƙwarai, gama mu ne muke cika jiragen nan, mu da goyonmu da kayanmu.

A hutun da ya wuce na je wurin yayata a wani ƙauye kusa da Yawuri. Mijinta yana da ƙaramin kwale-kwale mai inji da rumfa, ya kira kafinta don a sabunta masa kujeru. Nufinsa a ɗaga benci sama, a kuma yi maɗori a kan rumfa don buhuna. Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri in sa baki." Ya yi dariya ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne." Amma dai ya saurara.

Abin da na gaya masa shi ne abin da nake nuna wa yara da ƙwarya cikin daro. Ki sa dutse a gindinta, za ta zauna daram. Ki gicciya kara a bakinta ki ɗora dutsen a kai, da kin taɓa ruwan sai ta kife. Haka jirgi yake. Saboda haka aka sauke kujerun ƙasa, aka mai da kowace kujera akwati mai murfi, watau a zauna a sama, kaya a ciki. Buhun shinkafa da jarkar manja da duk abu mai nauyi a tsakiyar jirgi, a ƙasa, dama da hagu daidai. Kan rumfa kuwa sai tabarmi da ƙore.

An jera katako a ƙasa da ɗan tazara, don ruwan da ke shiga ya kwanta ƙarƙashi bai jiƙa gari ko gishiri ba. An bar gurbi guda ba a rufe ba inda za a riƙa kwarfe ruwa. Akwatunan kuma an huda su don iska, in ba haka ba katako ya ruɓe, kaya su yi fumfuna. Fetur ne kaɗai aka hana wa akwati. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a rufaffen wuri, ashana ɗaya ta isa. Yana can baya kusa da inji, a sarari.

Inda muka fi jayayya shi ne bangon rumfa. Yayata ta so a rufe gefe da gefe da katako saboda feshin ruwa da idon maza. Na gane uzurinta, amma ban yarda ba. In jirgi ya kife, mace da goyo a baya da zane ya naɗe ƙafa, ta ina za ta fita? Daga ƙarshe aka sa tamfol da ake naɗewa, hannu ɗaya ya isa ya yaye shi.

Kada ku ɗauka tsoro nake ba ku. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye daji, kututturan itatuwa kuwa suna nan ƙarƙashi suna jiran jirgi. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ta jihar Kebbi ya nutse, mutane fiye da 100 suka halaka ko suka ɓace, da yawansu mata da yara.

Dabara ɗaya mai araha: jarka mai lita 20, babu kome ciki, an rufe ta gam, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa. Mun ɗaure shida da igiya ƙarƙashin kujerar gaba da ta baya. Rigunan ruwa kuwa ba a kulle su a akwati ba, a jiki ake sa su tun kafin a tashi.

Mijin yayata ya yi gunaguni, wai ya rasa wurin buhu huɗu, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne a wurinsa. Gaskiyarsa. Yayata ta ce ta ji ta gani, ita za ta riƙa rage nata kayan, ta yi sahu biyu.