Ƙaramin layin dogo a cikin gida: Abin da ya kamata ka auna kafin ka sayi jirgi

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara da ta gwangwani, wadda yara ke ƙerawa da hannunsu suna ja a lungu. A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, har da masu jikoki, da ba su rabu da irin wannan sha'awa ba. Su kan ware wani ɓangare na gida su shimfiɗa ƙaramin layin dogo, da tasha da gada da tuddai, jirgi na yawo a kai da wutar lantarki.

Mafi shahara shi ne Miniatur Wunderland da ke birnin Hamburg na ƙasar Jamus, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Tsawon ƙananan layukan da ke cikinsa ya haura kilomita 15.

Wayar hannu ta kawo bidiyon irin waɗannan wurare har Unguwar Romi da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a kudancin Kaduna. Wanda ya gani ya yi sha'awa zai iya yin odar kayan ta intanet. Sai dai da dala ake sayensu, ga kuɗin dako da na kwastam. Idan suka iso ka tarar ba su dace da ɗakinka ba, mayar da su wani aiki ne. Shi ya sa aikin ke farawa da tef ɗin awo da takarda.

Kaduna ta ishe ka abin kwaikwayo

Mazaunin Romi ba ya buƙatar kwaikwayon tsaunukan Turai masu ƙanƙara, domin jirgin ƙasa ne ya raini garinsa. Layin da ya taso daga Baro a bakin Kogin Neja ya ratsa Kaduna ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Legas. A 1917 Turawan mulki suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya iso.

Inda layukan biyu suka haɗu shi ne tashar Kaduna Junction, wadda take kudancin kogi, ɓangare ɗaya da Romi da Kakuri. Sabon layin Abuja kuwa, mai tsawon kusan kilomita 186, an ƙaddamar da shi a watan Yulin 2016, kuma a Rigasa tasharsa take.

Ba za ka iya kawo wannan duka cikin ɗaki ba. Ko da an ƙanƙantar da layin Abuja sau 87, zai ci fili fiye da kilomita biyu. Don haka zaɓi wuri ɗaya: tsohuwar tasha da rumfarta, ko gadar jirgi a kan Kogin Kaduna, ko ƙaramar tashar ƙauye da buhunan gyaɗa jibge a gefe. Rubuta abin da ka zaɓa da zamanin da kake son nunawa. Wannan takarda ce za ta hana ka sayen abin da ba ka buƙata.

Girman jirgi da girman ɗaki

Kamfanoni irin su Märklin da Bachmann da Kato suna ƙera kayansu bisa sanannun ma'aunai. Biyu ne suka fi yawa a kasuwa.

Na farko shi ne HO, wanda aka rage girman komai sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layinsa milimita 16.5 ce. Na biyu shi ne N, wanda aka rage sau 160, tazararsa milimita 9. A HO mutum ba ya wuce santimita biyu. A N kuwa kusan santimita ɗaya ne.

Ga abin da hakan ke nufi a ɗaki. Tarago mai tsawon mita 24 zai zama kusan santimita 28 a HO, ko 15 a N. Jirgi mai taragai takwas zai haura mita biyu a HO tun kafin a ɗaura masa kai, alhali a N mita ɗaya da santimita 20 ne. Idan dandalin tasharka bai kai tsawon jirginka ba, sai ka rage taragai.

Kwana ita ce ta fi cin fili. Da'irar da aka saba farawa da ita a HO faɗinta kusan santimita 92 ne, don haka tebur ya haura mita ɗaya. Wannan ne ya sa da yawa ke amfani da falen katako mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas, irin wanda kafintoci ke sayarwa. A N da'ira mai faɗin santimita 56 zuwa 63 ta wadatar, har ana iya shimfiɗa komai a kan tsohuwar ƙofar katako.

Ga mai ɗaki da falo, N ya fi sauƙi. Ga wanda idonsa ya fara rauni, ko yake son ƙera gine-gine da hannunsa, HO ya fi daɗin riƙewa.

Akwai wani abu da masu son daidaito za su lura da shi. Tsohon layin Najeriya tazararsa milimita 1,067 ce, sabon kuwa 1,435. Yawancin kayan HO suna kwaikwayon mai faɗin ne, irin na Rigasa. Wanda ya nace sai siffar tsohon layi zai iya neman layi mai milimita 12, ko ya duba kayan Japan, domin tsofaffin layukan ƙasar tazararsu ɗaya da namu. Ga sabon shiga dai, wannan ba abin da zai hana shi barci ba ne.

Zana shi a ƙasa tukuna

Bayan ka auna ɗaki, ka cire wurin buɗe ƙofa da taga da hanyar wucewa. Sai ka shimfiɗa kwali ko tsofaffin jaridu a ƙasa ka zana layin da girmansa na gaskiya. A nan ne za ka gane kuskurenka tun bai ci maka ko sisi ba.

Ka tuna da tsawon hannunka. Da wuya mutum ya miƙa hannu fiye da santimita 70 ba tare da ya danne abin da ke gabansa ba. Idan ka jingina tebur mai faɗin ƙafa huɗu da bango, ranar da jirgi ya kauce daga layi a can ƙurya, sai ka rushe tasha kafin ka ciro shi. Ko dai ka bar hanya ta kowane gefe, ko ka yi siririn kanta mai bin bango.

Hawa ma yana da ƙa'ida. Kada layi ya tashi fiye da santimita biyu a kowace mita ɗaya. Idan kana son jirgi ya bi ta saman wani a HO, kana buƙatar tashi na kusan santimita takwas, wato hawa mai tsawon mita huɗu, da gangara mai tsawon haka. Yawancin ɗakuna ba su da wannan fili. Gadar kogi ta fi sauƙi: layin ya zauna a miƙe, kai kuma ka yanke katakon ka saukar da kogin ƙasa.

Idan haya kake, kada ka kafe komai a bango. Ka sa kafinta ya yi teburin gida biyu ko uku da ake haɗawa da noti, kowane gida ya iya fita ta ƙofa. Ranar tashi ba za ka sa zarto a aikin shekara biyu ba.

Ƙura, laima da wuta

Littattafan Turawa ba su san hunturun Kaduna ba. Ta ƙarafan layi jirgin ke shan wuta, saboda haka ƙura kaɗan ta isa ta sa shi tsayawa yana fizga. Tun a zane ka tanadi murfi, ko na leda mai kauri ko na yadi. Ka riƙa goge layi da ƙyalle da ɗan sifirit. Kada ka kankare shi da abu mai kaushi, domin zanen da zai bari shi ne zai ƙara tara datti.

Da damina katako kan sha laima ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke. Ka sayi busasshen katako, ka shafe shi da fenti ciki da waje, ka sa maganin gara, sannan ka bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a wasu mahaɗan layi.

Wuta ita ce inda ake yawan asara. Wutar gidajenmu volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Idan ka jona na'urar sarrafa jirgi da aka yi don can kai-tsaye, za ta iya ƙonewa nan take. Karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin ka biya. Abin daɗin shi ne yawancin jiragen da ke aiki da tsarin gargajiya volt 12 kawai suke buƙata a kan layi, don haka mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka su da batirin sola, da fis da maɓallin rage gudu.

Abin saye da abin ƙerawa

Kan jirgi da layi da na'urar sarrafawa ne kawai ya zama dole a sayo daga waje. Saura duk suna kusa da kai. Kafintan unguwa zai yi tebur, kuma masu sana'a a Kasuwar Panteka sun saba ƙera abin da aka kwatanta musu. Kwali zai zama ginin tasha, tsinken tsire ya zama turakun gada, garin katako da aka rina ya zama ciyawa. Jar ƙasar ƙofar gidanka, idan ka tankaɗe ta ka busar, ta fi duk wadda za ka yi oda kama da Kaduna.

Fara da da'ira ɗaya da layin ratse ɗaya. Ka bar jirgi ya yi ta zagayawa har mako biyu kafin ka manna komai da gam. Ka ɗaga teburin yadda mai rarrafe ba zai kai ba, domin ƙananan kayan suna da saurin shiga baki.

Kafin ka zana ginin tashar, nemi dattijon da ya yi aikin reluwe ko ya yi fatauci a jirgin Legas. Tambaye shi inda ake sayar da tikiti, inda masu tallar abinci ke tsayawa, da inda ake loda shanu. Ka tafi da yaranka da takardar zanenka, ka bar shi ya gyara maka.