Charly García, mawaƙin da ya yi wa mulkin soja habaici a Ajantina

A Ajantina, da zarar an ambaci Charly García, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce gwarzo ne da ya zame wa sojoji ƙarfen ƙafa a shekarun da ake ɗauke mutane da tsakar dare. Wasu kuma su tuno ranar 3 ga Maris 2000, da ya diro daga hawa na tara na wani otal a birnin Mendoza ya faɗa tafkin ninƙaya, ya fito lafiya lau, su ce ai gwani ne wanda kansa ya taɓu. A ganina duka ɓangarorin sun tauye shi. Bai kai gwarzon da masoyansa ke zanawa ba, kuma ya fi ƙarfin labaran taɓargaza da jaridu suka daɗe suna cin kasuwa da su. Abin da ya sa ya cancanci a yi nazarinsa shi ne ya ƙware a wata sana'a mai wuya: faɗin gaskiya a ƙasar da faɗinta kai tsaye ke sa mutum ya ɓace, ta yadda dubban matasa za su gane, mai tace waƙa kuma ya rasa inda zai kama.

An haifi Carlos Alberto García Moreno a Buenos Aires ranar 23 ga Oktoba 1951, a gidan masu rufin asiri. Tun yana ƙarami aka zaunar da shi gaban fiyano, kunnensa kuma irin wanda ke gane kowane sauti ne ba tare da an gwada masa ba, har ya karɓi takardar shaidar malamin kiɗa yana ɗan shekara 12. Jin waƙoƙin Beatles ne ya karkatar da shi daga kiɗan Chopin zuwa kiɗan rok. Wannan horo na yarinta yana da alaƙa da duk abin da ya biyo baya, domin mai tace waƙa takarda yake karantawa, kalmomi yake bi da alƙalami. Mutumin da ya san yadda ake sa fiyano ya ɗauki tsoro ko ba'a yana da wata hanyar magana da ba ta bayyana a takarda. Ya kuma taso a daidai lokacin da matasan Buenos Aires suka fara rera rok da Sifaniyanci: a 1967 waƙar "La balsa" ta ƙungiyar Los Gatos ta nuna akwai kasuwa ga hakan, a zamanin Janar Onganía, lokacin da 'yan sanda ke kama saurayi saboda tsawon sumarsa kawai.

Ƙungiyarsa ta farko da ta yi suna, Sui Generis, shi da Nito Mestre suka kafa ta bayan sun haɗu a makarantar sakandare. Faifansu na 1972, Vida, waƙoƙin ƙuruciya ne masu taushi, da fiyano da sarewa. Darasin da ya gyara masa hanya ya zo a 1974, lokacin da suke shirya faifai na uku, wanda ya taɓo soja da 'yan sanda da kotu da sauran hukumomi. A lokacin gwamnatin farar hula ce, amma gungun 'yan ina-da-kisa na Triple A, da ke ƙarƙashin inuwar minista José López Rega, suna harbe mutane a titi. Dole aka cire waƙoƙi biyu, "Botas locas" da ke magana kan ɗan bautar soja da "Juan Represión" da ke magana kan ɗan sanda, aka kuma sassauta baitocin wasu. Abin da aka faɗa ɓaro-ɓaro bai shiga faifan ba. Abin da aka lulluɓe shi ne ya wuce. A ranar 5 ga Satumba 1975 ƙungiyar ta yi bankwana da wasanni biyu a dare ɗaya a zauren Luna Park, wata shida da 'yan kwanaki kafin sojoji su karɓe mulki.

Juyin mulkin 24 ga Maris 1976, ƙarƙashin Janar Jorge Videla, ya zo da salon zalunci wanda makaminsa shiru ne. Ana ɗauke mutum a mota marar lamba, a kai shi wani ɓoyayyen wuri, hukuma ta ce ba ta san zancen ba. Wasu an yi musu allurar barci an jefa su cikin ruwa daga jirgin sama. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojoji ta tattara sunaye kusan 9,000 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna ƙiyasta mutum 30,000. A irin wannan ƙasa mutum ba ya iya tambayar maƙwabcinsa ko ya ga abin da ya gani. A nan ne aikin García ya kai ƙoli, musamman da ƙungiyar Serú Girán, wadda ya haɗa a 1978 da David Lebón da Pedro Aznar da Oscar Moro. A faifansu na 1980, Bicicleta, akwai "Canción de Alicia en el país", da ta aro yarinyar nan Alice ta tatsuniyar Lewis Carroll ta ajiye ta a wata ƙasa da wasa ya ƙare, inda marasa laifi ne ke zama masu laifi. Halittun da waƙar ta ambata sunaye ne da kowane ɗan Ajantina ya sani: kunkuru laƙabin tsohon shugaba Arturo Illia ne, dabbar teku mai gashin baki laƙabin Onganía, boka kuma López Rega. Duk waɗannan sun riga sun sauka daga mulki, don haka babu jami'in da zai ce da shi ake, amma mai sauraro ya san cewa idan an lissafa na jiya, na yau ake nufi. Da suka gabatar da faifan a filin wasa na Obras, an ƙawata dandamalin da ƙafafun kekuna da zomaye da furanni, kamar wasan yara. Bahaushe ya san wannan dabara a bakin zabiya a gidan biki: ba ta kama suna, wanda ake yi da shi ba shi da bakin kai ƙara, amma duk matan da ke tsakar gida sun san inda aka dosa. Amfanin habaici a ƙasar tsoro ya wuce cizon wanda aka yi wa. Idan mutum ya ji na kusa da shi ya yi shewa a daidai baitin da shi ma ya gane, ya san ba shi kaɗai ya sani ba. A ranar 30 ga Disamba 1980 mutane wajen 60,000 suka taru a filin La Rural don wasan kyauta na Serú Girán, a ƙasar da aka haramta taron siyasa.

Mai karatu a Nijeriya yana da damar ya ce wannan jarumta ce mai araha. A daidai waɗannan shekaru Fela Kuti ya kira sojoji da sunan da suka ji zafinsa, suka ƙona gidansa na Kalakuta a Fabrairun 1977, suka jefo mahaifiyarsa ta taga. A Chile an kashe mawaƙi Víctor Jara a Satumban 1973. A cikin Ajantina kanta an kama mawaƙiya Mercedes Sosa a kan dandamali a La Plata, ta yi gudun hijira a 1979. An kashe marubuci Rodolfo Walsh a Maris 1977, bayan ya rubuta wa sojoji buɗaɗɗiyar wasiƙa. Iyaye mata da suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo a Afrilun 1977 don neman 'ya'yansu da aka ɓatar sun rasa jagorarsu Azucena Villaflor kafin shekarar ta ƙare. Idan ana zancen waɗanda suka sa wuyansu, waɗannan ne, kuma duk mai jera García a sahunsu ya zalunce su. Gaskiya ne kuma cewa sojoji ba su ɗauki rok a matsayin babban abokin gaba ba. 'Yan ƙwadago da ɗalibai da 'yan gwagwarmaya suka sa a gaba. Sai dai wannan suka tana auna shi da aikin da ba nasa ba. Waƙar da ta kama suna a 1977 ba za ta kai masana'antar buga faifai ba, balle gidan rediyo, kuma yaron da ke zaune a ɗakinsa a unguwar Flores ko birnin Rosario ba zai taɓa jin ta ba. Al'ummar da ke ƙarƙashin danniya tana buƙatar mai tsayawa gaban bindiga, tana kuma buƙatar wanda zai hana miliyoyin da ba za su iya tsayawa ba su saba da ƙarya. Aiki na biyu bai kai na farko daraja ba, amma ba ya yiwuwa sai da gwaninta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ga yadda za a wanke shi daga ita gaba ɗaya ba. Da sojoji suka mamaye tsibiran Malvinas a ranar 2 ga Afrilu 1982 suka shiga yaƙi da Birtaniya, gidajen rediyo sun daina sa waƙoƙin Ingilishi, sai kwatsam mawaƙan da ake kora jiya suka cika iska. A ranar 16 ga Mayu aka shirya babban taron kiɗa a Obras da yardar gwamnati don tara tufafi da abinci ga sojojin da ke fagen daga, García kuma ya hau dandamali. Mawaƙan sun ce zaman lafiya suka je nema da tausayin yaran da aka tura cikin sanyi, amma gwamnati ta samu hoton da take so, ƙungiyar Virus kuma ta nuna ana iya ƙin zuwa, domin ta ƙi. Wannan tabo ne. Abin da za a iya faɗa a gefensa shi ne bai bari shekarar ta ƙare a haka ba. Faifansa na farko shi kaɗai ya zo da "No bombardeen Buenos Aires", wadda ta yi wa mutanen babban birni tsiya kan yadda suke fargabar bam a unguwanninsu alhali 'ya'yan wasu ne ke mutuwa can kudu, inda 'yan Ajantina 649 suka rasa rayukansu. A ranar 26 ga Disamba, a filin ƙwallon Ferro, an gina siffar birnin a bayan dandamali, aka tarwatsa ta da wuta a ƙarshen wasa. Masu cewa yaƙin ne ya yi rok ɗin Ajantina kuwa sun manta taron La Rural ya riga yaƙin da fiye da shekara guda. Rediyo ƙofa kawai ya buɗe wa abin da ya shekara 15 yana girma.

Da tsoro ya fara janyewa, sai lulluɓin ya yi sirara. Ya tafi New York ya ɗauki Clics modernos tare da injiniya Joe Blaney, ya maye mai ganga da na'urar kiɗa ta Roland, faifan ya fito a Nuwamban 1983, tsakanin zaɓen Raúl Alfonsín a matsayin shugaban farar hula da rantsar da shi. A ciki akwai "Los dinosaurios", wadda ta yi maganar ɓatattu kusan ƙiri-ƙiri, a kan fiyano mai sanyi. Tsofaffin masoyansa da dama sun ce ya sayar da kansa ga kiɗan rawa na Amurka, kuma wannan ya farfaɗo da tsohuwar suka cewa rok kayan aro ne. Amsar tana cikin waƙoƙin: karin harshen titunan Buenos Aires ne, da ɗacin rai irin na tango. Mercedes Sosa, wadda babu mai shakkar asalin kiɗanta, ta gayyace shi dandamali da ta dawo gida a 1982, ta kuma yi faifai guda na waƙoƙinsa a 1997. A 1990 ya rera taken ƙasa da salon rok, aka kai ƙara cewa ya wulaƙanta alamar ƙasa, kotu ta bari faifan ya fita. Mawaƙi Fito Páez ma a ƙungiyar García ya yi kiɗa kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya faru bayan haka yana ƙarfafa wannan fahimta ta wata fuska mai ban tausayi. Da aka samu 'yancin faɗin komai, gwanin lulluɓe magana ya koma nuna komai a fili, har da rushewar kansa: ƙwaya, farfasa kayan kiɗa, wasannin da ake yankewa a tsakiya. A Fabrairun 1999 ya shirya a jefo mutum-mutumi daga jirgi mai saukar ungulu cikin kogi yayin wani wasa, don tuna waɗanda aka jefar daga sama. Hebe de Bonafini, shugabar iyayen Plaza de Mayo, ta ce ba za a mai da mutuwar 'ya'yansu abin kallo ba, ya janye, iyayen kuma suka hau dandamali tare da shi. Tana da gaskiya, kuma García na 1980 ba zai buƙaci a gaya masa ba. Jama'ar da ta riƙa tafa wa kowace faɗuwarsa, da tashoshin talabijin da suka riƙa bin sa da kyamara, suna da nasu kaso na laifi, domin sun ɗauki ciwo a matsayin hujjar baiwa. A 2008 aka kwantar da shi a asibiti, mawaƙi Palito Ortega ya ɗauke shi zuwa gonarsa a Luján ya yi jinyarsa watanni. Ya dawo dandamali a 2009, ya yi wasa a filin Vélez cikin ruwan sama ranar da ya cika shekara 58, kuma a Satumban 2024, jiki ya yi rauni murya ta dusashe, ya fitar da sabon faifai, La lógica del escorpión.