Aikin mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibitin tsofaffin sojojin Amurka

A Amurka gwamnati na da ma'aikata guda da ke kula da tsofaffin sojoji, tana tafiyar da manyan asibitoci kusan 170, mutum fiye da miliyan 9 ne suka yi rajista da ita. A galibin asibitocin akwai sashen hoto, inda ƙwararren ma'aikaci ke sarrafa na'urorin eksire da CT da MRI. Shi ke kwantar da majinyaci, ya daidaita na'ura, ya ɗauki hoton, sannan likita ya karanta.

Inda aikin nan ya bambanta shi ne ɗakin MRI. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, alhali wasu daga cikin tsofaffin sojojin nan na yawo da ɓaraguzan bam a jikinsu tun yaƙin Biyetnam ko Iraƙi. Idan ƙarfen na kusa da ido ko jijiya, maganaɗisun zai iya motsa shi. Don haka ma'aikacin ba ya gaggawa, sai ya yi tambaya filla-filla, wani lokaci a fara ɗaukar eksire tukuna. Ga ƙarar na'urar, ga ƙuncin raminta, wanda ke fama da firgicin yaƙi yakan rikice. A nan lallashi ya fi takardar shaida amfani.

Tun daga 2022, dokar PACT ta faɗaɗa kulawa ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, kuma da hoton ƙirji ake duba huhunsu.