MAI KANTI YA RIƘE MABUƊINSA

Jama'a, yau muna so mu yi magana da iyayenmu dattawan zango da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa a kan wani abu da ya shigo shagunanmu ya zauna daram, amma yawancinmu ko taɓa shi ba mu yi. Watau kwamfuta, irin ta kan tebur ɗin nan. Maigida ne ya fid da kuɗinsa ya saya, amma yaron shago kaɗai ya san yadda a ke buɗe ta. Lissafin goro yana ciki, sunayen masu bashi suna ciki, takardun haraji da na haya duk suna ciki. Ran da yaron nan ya yi tafiya, ko ya sami wani aiki, ko kuwa aka saɓa, sai ka ga maigida ya yi tagumi gaban dukiyarsa, ba dama ya kai hannu.

Wa ya taɓa ganin mai kanti ya ba yaro mabuɗin sito da na akwatin kuɗi, shi kuwa ko ɗaya bai riƙe ba? To, abin da mu ke yi ke nan ba mu sani ba. Ba mu ce a daina amincewa da yara ba, ba kuma cewa mu ke yi dattijo ya koma akawu ba. 'Yan abubuwa ne kaɗan, waɗanda in mutum ya iya su zai shiga ya duba kayansa da kansa. Gemu dai ba ya hana ilmi.

MAIGIDAN CIKI

Ita kwamfuta ƙarfe ce kawai da roba da waya. Abin da ke tafiyad da ita wata babbar manhaja ce da ke zaune a ciki. Kun dai san aikin maigida a fataucin goro da shanu: shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. To, haka wannan manhaja ta ke. Ita ke ba sauran manhajoji masauki, ita ke adana takardu, ita ke kai saƙo wurin injin buga takarda. Wadda ta fi yawa a wurinmu sunanta Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka, wanda ya fara fito da ita a 1985. Akwai waɗansu, kamar macOS ta kamfanin Apple, da Linux wadda a ke samu kyauta, amma galibin kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana nan Gana ta tashar Tema da Windows su ke zuwa. Saboda haka a kanta za mu tsaya.

LINZAMI DA TAGA

Ɗan abin nan da a ke riƙewa a tafin hannu linzami a ke ce da shi, sunan kuwa ya dace, don inda ka ja shi nan kibiyar da ke kan allo za ta bi. Yana da maɓalli biyu. In ka danna na hagu sau ɗaya, ka nuna abu ke nan. In ka danna sau biyu da sauri, ka buɗe shi. Na dama kuwa na tambaya ne: ka ɗora kibiya a kan abu ka danna shi, sai a jero maka abubuwan da za ka iya yi da wannan abin. Wanda hannunsa ke rawa, dannawa biyu ta gagare shi, sai ya danna sau ɗaya, sa'an nan ya buga babban maɓallin nan mai suna Enter. Duk ɗaya ne. Wanda kuma rubutu ya yi wa ƙanana, sai ya danne maɓallin Ctrl ya murza 'yar tayar da ke tsakiyar linzami gaba, a yawancin wurare zai ga rubutun ya ƙara girma.

Kome ka buɗe zai fito cikin wani gurbi nasa, shi a ke kira taga. A kusurwarta ta sama, hannun dama, akwai alamu uku. 'Yar sandar da ke kwance tana sauke tagar ta ɓoye ta a layin da ke gindin allo. Mai kusurwa huɗu tana faɗaɗa ta. Mai kama da gicciye ita ce ke rufewa. Sau da yawa mutum ya kan taɓa ta farkon bisa kuskure, ya ga aikinsa ya ɓace, hankalinsa ya tashi. Bai ɓace ba. Ya dubi gindin allo, yana nan yana jiransa.

KOWACE TAKARDA DA JAKARTA

Kowace takarda ko hoto da ke cikin kwamfuta fayil a ke ce da shi, folda kuwa ita ce jakar da a ke zuba su. Babu mai hankalin da zai zuba goro da gishiri da atamfa a buhu guda, amma mun ga kwamfutoci da yawa an watsa takardu a fuskar allo kamar shanya. A buɗe jaka ɗaya ta bashi, ɗaya ta haraji, ɗaya ta takardun gida da fili. In kana cikin wurin da ka ke son sabuwar jaka, danne Ctrl da Shift ka buga N, sai ta fito, ka raɗa mata suna.

Sunan nan kuwa a kula da shi. Kada a bar yaro ya rubuta "sabo", gobe ya rubuta "sabo na biyu". A sa abin da ke ciki da shekara da wata, misali "Bashi 2025 Maris". Windows ba ta karɓar karkatacciyar sandar nan da mu ke raba kwanan wata da ita a cikin suna, sai a bar fili ko a sa 'yar sanda a kwance. Amfanin suna mai kyau shi ne, ran da ka manta inda takarda ta ke, sai ka buga maɓallin da ke da tambarin Windows, mai kamar taga, ka rubuta sunan, ita da kanta za ta nemo maka.

RUBUTUN ALLO DA NA TAKARDA

Ga inda aka fi yin hasara. Abin da ka ke rubutawa, muddin ba ka adana shi ba, kamar rubutun allon almajiri ya ke, ruwa kaɗan ya wanke shi. Sai ka adana sa'an nan ya zama na takarda. Kwamfutar tebur ba ta da batir, wuta na ɗaukewa ta mutu nan take. Mu da muka ga dumso na 2015 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Maganin abin shi ne Ctrl da S. Ka yi layi biyar, danna. Mai saye ya shigo, kafin ka amsa sallama, danna. Wanda ke da hali ya sayi ɗan akwatin batir da a ke kira UPS, zai riƙe masa wuta 'yan mintoci har ya adana ya kashe.

In ka goge wani abu cikin rubutu ba da nufi ba, Ctrl da Z za su komo da shi. In kuma fayil ne ɗungum ka share, yana cikin kwandon shara da hotonsa ke kan allo, sai ka buɗe ka mai da shi wurinsa, in dai ba a zubad da kwandon ba. Amma fa abin da aka share daga ɗan filashi ba ya biyawa ta kwando, ya tafi ke nan.

A RABA AJIYA BIYU

Kowa ya ji labarin gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto ta Ankara a farkon Janairu 2025, rumfuna dubbai suka zama toka. Mu ma nan Kumasi ba baƙin gobarar kasuwa ba ne. Kaya in sun ƙone a kan sami waɗansu, amma littafin bashi in ya ƙone, sai abin da mai gaskiya ya kawo da kansa. Kwamfuta ma tana ƙonewa, a kan sace ta, ta kan kuma lalace haka kawai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A sayi ɗan filashi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A tsai da rana guda a mako. A soka shi, a nuna jakar lissafi, a danna Ctrl da C, a buɗe filashin, a danna Ctrl da V. Shi ke nan an sami biyu. Kafin a zare shi a nemi izini ta 'yar alamarsa da ke kusa da agogo, don kada a zare ana tsakiyar rubutu. Sa'an nan maigida ya sa shi aljihu ya tafi da shi gida. Filashin da aka bari cikin aljihun tebur tare da kwamfuta za su ƙone.

KULLE DA RUFEWA

Kalmar sirri ita ce mabuɗin. Maigida ya san ta, ya rubuta ta a ajiye a gida inda ya ke ajiye takardun fili, ba a liƙa a jikin allo ba. Ya sa a buɗe wa yaro tasa ƙofar dabam, babbar kuwa ta zauna hannunsa. In za a tashi zuwa salla ko cin abinci, a danne maɓallin Windows a buga L, ta kulle. Wanda duk ya bugo waya ya ce a faɗa masa kalmar sirri don ya yi gyara, ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo.

In an tashi kasuwa kada a kashe ta daga bango. A buga maɓallin Windows, a nemi alamar wuta, a zaɓi inda aka rubuta Shut down, a jira ta kintsa ta mutu da kanta, sa'an nan a kashe na bangon.

Saura magana guda ga mai shirin saye. Kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairu 2020, ita ma Windows 10 ya janye mata gyaran da ya saba aika wa kowa ran 14 ga Oktoba 2025. Suna aiki har yanzu, amma kamar gida ne da mai gadi ya bar aiki. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai sayarwa ko injin yana ɗaukar Windows 11, wadda ta fito a 2021, a kuma ce ya kunna ya nuna.

To, jama'a, iyakar abin ke nan. Kada a ce za a haɗiye shi rana ɗaya. A ɗauki abu guda kowace safiya kafin kasuwa ta cika, yaro ya tsaya a gefe yana faɗa da baki, amma hannun maigida ne a kan linzami. Ku kuma samari, ku yi haƙuri da iyayenku kamar yadda suka yi da ku sa'ad da ku ke koyon ƙirga canji. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya gamu da abin da ya shige masa duhu ya aiko mana da tambayarsa, za mu amsa a fitowa ta gaba.