Nasabar Ɗan Matar da Aka Tsare a Dajin Birnin Gwari

Matar auren da 'yan bindiga suka tsare a dajin Birnin Gwari, ta dawo da juna biyu, ɗanta na mijinta ne a Mazhabar Malikiyya, domin nasaba shimfiɗar aure take bi. Miji ba ya kore shi sai da li'ani gaban alƙali. In ya san da cikin ya yi shiru ba uzuri, wannan dama ta faɗi. Idan tilastawar ta tabbata, shi kaɗai zai rantse, babu haddi a kanta. A 2002, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta hana gabatar da gwajin ƙwayoyin halitta a kan li'ani. Muddin nasaba ta tabbata, walicci da gado sun tabbata, ciyarwa kuwa ta hau wuyan uba.