FILIN MANOMA: INDA MAI SANA'AR ITACEN WUTA ZAI SAMI ITACE

Sana'ar itacen wuta ba ta bukatar babban jari, ga masu saye kuwa ba su yankewa: matan aure, masu ƙosai, masu tsire, da gidajen burodi. Amma wuyarta ɗaya, wato wurin samun itacen. Daji ya ja baya, kuɗin mota ya hau, waɗansu dazuzzukan ma ba su shiguwa saboda 'yan bindiga. Saboda haka wanda zai shiga sana'ar nan, tun bai sayi gatari ba ya kamata ya san inda kayansa za su riƙa fitowa.

Da farko dai ya san itatuwa. Marke da ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, suna daɗewa a murhu, suna barin garwashi mai kyau. Su masu burodi da masu tsire ke nema. Sabara da geza da kalgo ƙanana ne, amma suna kama wuta da sauri, mata na son su wajen girki. Kuka da rimi kuwa ba su da ƙwari, wanda ya biya kuɗin dakonsu ya yi hasara. Akwai kuma waɗanda bai kamata a kayar ba ko da za su ci wuta, kamar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo. Amfanin da suke bayarwa kowace shekara ya fi kuɗin faskarensu nesa.

Hanya ta fari ita ce gonakin mutane. Da bazara, lokacin sharar gona, manoma na rage rassa da saran tsiro, da yawansu kuwa za su sayar da araha. In itace ne a tsaye za a saya, sai a tabbata mai sayarwa shi ke da shi, don sau da yawa gona ta gado ce, magada ba su raba ba. A yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu. Kuma a tambayi malamin daji, gama a wurare da yawa ko itacen gonar mutum ne sai da izini ake kayar da shi.

Hanya ta biyu ita ce gandun daji. A Nijeriya yawancin gandayen daji suna hannun gwamnatocin jihohi, kowace jiha da dokarta. Wanda ke son busasshen itace a ciki sai ya je ofishin gandun daji ya yanki takarda, ya karɓi rasit, direban mota kuma ya riƙe ta a hanya. Wanda aka kama ba takarda, ana iya ƙwace itacen, a kuma ci shi tara. Kuɗin takarda bai kai wannan ba.

Hanya ta uku ita ce wurin masu tsaga katako da kafintoci. Guntaye da ɓawon da suke zubarwa suna da araha. Sai dai a guji katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, don hayaƙinsa na cutar da mai girki da masu cin abincin.

Hanya ta huɗu ita ce wadda ta fi lada, wato mutum ya raini nasa. Darbejiya, wadda aka kawo Borno a 1928, tana jure fari, kuma in an sare ta takan sake tofowa daga kututture. In an dasa ta da tazarar ƙafa 8 ko'ina, eka ɗaya za ta ci itace 680. Bayan shekara 8 ta isa sara. To, dabarar ita ce a raba fili kashi 8, kowace damina a dasa kashi ɗaya. In sara ya fara, kowace shekara akwai kashin da ya isa, kafin a zagayo na farko ya sake girma. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa, sai a shuka shi cikin 'yan makonni da tsinkowa. Ba ta kuma son wurin da ruwa ke kwanciya.

Wanda ba shi da filin dashe, ya dubi abin da manoman Maraɗi suka fara tun 1983, wanda suke kira sassaben zamani. Maimakon a ƙone kututturan gona, sai a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kowane kututture, a sare sauran, a riƙa rage musu rassan ƙasa. Saiwa tana nan tun da, saboda haka girma ba ya jinkiri. Ta wannan hanya an raya itatuwa a gonakin Nijar da suka kai kadada miliyan 5.

Ko ta wace hanya itace ya samu, kada a sayar da shi ɗanye. Kusan rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne, ga hayaƙi, ga ƙin kamawa, mai saye kuwa ba zai komo ba. A faskara shi tun da rani, a jera bisa duwatsu don gudun gara, a bar wurin da iska za ta ratsa. Kafin ruwa ya sauka a yi masa rumfa. Da damina ne busasshen itace ke tsada, nan ribar take.

Daga ƙarshe, kafin a biya kuɗin kowane itace a zauna a yi lissafi: kuɗin saye, da na takarda, da ladan masu faskare, da na lodi, da na mota. A ƙidaya dami nawa zai fita, a raba. Itace mai araha da ke nesa sau da yawa ya fi mai tsada na kusa cin kuɗi. Kuma wanda ya sare ɗaya, ya dasa biyu, don 'ya'yansa su tarar da sana'ar.