Lambun Damina Daga Baranda Yake Farawa

A Abuja, ruwan farko kan sauka ne wajen watan Afrilu. Daga nan kuma tumatirin noman rani da ke zuwa daga Kadawa a Jihar Kano yakan fara ja da baya, farashinsa ya haura a kasuwannin Wuse da Garki har zuwa Yuli. Ma'aikacin da ke son sauƙin cefane a wannan tsakani, tun hunturu na janyewa ya kamata ya yi shiri.

Attarugu da tattasai na buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin dashe, tumatir kuwa kimanin mako 4. Saboda haka a fara rainon attarugu a ƙarshen Fabrairu, tumatir a tsakiyar Maris. Kiret ɗin ƙwai ko robar da aka huda ƙasanta ta wadatar, a cika da ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki. A ajiye su inda hantsi ke taɓawa, domin ranar tsakar Maris tana ƙone ɗanyen tsiro.

Alayyahu da kuɓewa ba sa buƙatar raino. Mazaunin Kubwa ko Lugbe da bai da fili yana iya shuka su kai tsaye a buhu idan ruwa ya zauna.